Boston Red Sox: mun gaji da cinikin biri a sama

Wallahi tura ta kai bango. Ko ciwon fitar da ƙungiyarmu ta besbol, Boston Red Sox, daga gasa da Yankees na New York suka yi a farkon Oktoban 2025 bai gama warkewa ba, har an soma kaɗa mana gangar da aka saba kaɗawa duk hunturu: wa za a bayar, wa za a karɓo. Ka kunna rediyo a mota, sai ka ji ana ta yi wa ɗan wasanmu Jarren Duran kuɗi. Ka buɗe waya, Wilyer Abreu aka kai kasuwa. Kowa ya zama dillali, kowa da lissafinsa. Mu kuwa da muke cire kuɗin guminmu muna sayen tikiti, muna biyan kuɗin tashar kallo wata bayan wata, muna hana idonmu barci saboda wasan da ake bugawa a can gaɓar yamma, babu mai tambayar mu ko mun yarda.

Ga 'yan'uwa na gida da suka fi sanin ƙwallon ƙafa, bari in ɗan yi bayani, don a gane inda takaicin yake. A besbol ɗin Amurka ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba, musaya ake yi: ka ba ni mutum ɗaya gwani, in ba ka yara uku ko huɗu da ke ƙananan rukunai. Kuma ba sai ɗan wasan ya amince ba. In dai babu sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, ko bai cika shekara 10 a babban rukuni ba, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, to kiran waya kawai za a yi masa a ce ya haɗa kayansa. Yaron da ya fito sabo kuma ƙungiya ce ke riƙe da shi har ya cika shekara shida kafin ya sami 'yancin zaɓar inda zai je, a kan albashin da bai kai darajarsa ba. Wannan ne ya sa masu ƙungiya suke son yara kamar ransu. Yaro arha ne. Gwanin da ya isa a biya shi haƙƙinsa shi ne ya zama kaya.

Ni ba na ƙin musaya don tana musaya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin musayar da Boston ta mayar al'ada tun 2020, wadda ake yi don a rage kashe kuɗi, sannan a fito a gaya mana wai hangen nesa ne.

Mu fara da Mookie Betts, domin daga nan ciwon ya samo asali. A 2018 ƙungiyar nan ta ci wasa 108 cikin 162, ta ɗauki kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, shi kuma Betts aka zaɓa gwarzon ɗan wasan rukunin American League. Yaron gida ne, a hannunmu ya girma. A Fabrairun 2020 aka haɗa shi da David Price aka tura wa Dodgers na Los Angeles, har da cikon kuɗi na biyan wani kaso na albashin Price. Me aka karɓo? Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong. A shekarar iyakar albashin da in ƙungiya ta haura za ta biya haraji dala miliyan 208 ce, kuma wannan ciniki ne ya sauko da Boston ƙasa da ita. Ba a yi wata shida ba Dodgers suka ba Betts kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 365. Suka ci kofi a 2020, suka ci a 2024, suka sake ci a 2025. A wasa na bakwai da Toronto, wanda ya raba gardamar kofin 2025, ƙwallon ƙarshe a hannun Betts ta faɗa, ya taka tasha ta biyu da kansa, ya jefa ta ta farko, aka tashi wasa. Na kalla, na kashe talabijin, ban iya cewa uffan ba. Downs ɗin da aka yi ta kurantawa an sallame shi a ƙarshen 2022. Verdugo an miƙa shi ga Yankees, abokan gabarmu, a Disamban 2023. Wong kaɗai ya rage. Mu kuma muka ƙare a ƙarshen teburin rukuninmu a 2020, da 2022, da 2023.

Xander Bogaerts ya tafi San Diego a Disamban 2022, ba a ma samu ko ɗan wasa ɗaya na musaya a kansa ba. Wannan zan iya haɗiyewa, don shekara 11 da aka ba shi ta yi yawa. Amma Chris Sale fa? Bayan kakar 2023 shugaban ƙungiyar Tom Werner ya fito ya ce a wannan hunturun za su murɗa totur har ƙarshe. Murɗawar da muka gani ita ce an ba Atlanta Sale, an haɗa musu da dala miliyan 17, an karɓo Vaughn Grissom. Gaskiya ne Sale ya sha fama da rauni shekaru a jere, ba na musun wannan. To amma a 2024 ya ci wasa 18, ya kori masu bugu 225 da jifarsa, ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, alhali da kuɗinmu ake biyan wani ɓangare na albashinsa. Grissom kuwa ɗan abin da ya buga mana bai taka kara ya karya ba, kakar 2025 gaba ɗaya a ƙaramin rukuni a Worcester ya yi ta.

Sai kuma Rafael Devers, wanda har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. A Janairun 2023 aka ba shi ƙarin kwantiragin shekara 10 na sama da dala miliyan 313, aka ce mana ga shi nan, wannan ba zai tafi ba, shi ne fuskar ƙungiya. Iyaye suka saya wa 'ya'yansu riga mai lamba 11. A Fabrairun 2025 aka ɗauko Alex Bregman, wanda shi ma tasha ta uku yake tsaro, ba tare da an zauna da Devers an fahimci juna yadda ya kamata ba. Aka mayar da shi mai bugu kawai. Da Triston Casas ya ji ciwo a gwiwa a watan Mayu, aka dawo aka ce ya koma tasha ta ɗaya, ya ce bai yarda ba. Devers yana da nasa laifin, ɗan wasan da ke karɓar irin wannan albashi ya kamata ya sassauta. Amma aikin shugabanni ne su kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama. Maimakon haka, ranar 15 ga Yuni, ranar da muka gama lallasa Yankees wasa uku a jere a filinmu na Fenway, ranar da shi Devers ɗin ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, da yamma aka sanar an ba San Francisco shi. Suka ɗauki sauran kwantiraginsa gaba ɗaya, sama da dala miliyan 250.

Bayan 'yan kwanaki na shiga wani shagon kayan wasanni. A can kusurwa aka jera rigunan lamba 11, an manna musu jar takardar ragi. Wani yaro, bai fi shekara takwas ba, ya riƙe hannun riga ɗaya yana tambayar babansa me ya sa aka mayar da ita nan. Uban ya tsaya yana sosa ƙeya. Wane bayani zai yi masa? Ya ce masa an samu sauƙin albashi?

Mutum huɗu aka karɓo a kan Devers. Jordan Hicks ya zo ya yi ta shan duka har ya zama in aka kira shi sai gabanka ya faɗi. James Tibbs ko wata biyu bai yi ba aka wuce da shi Dodgers don a karɓo Dustin May, wanda shi ma bai tsinana abin kirki ba. Kyle Harrison da Jose Bello aka ce mana mu jira. Kullum mu jira. Devers ya gama kakar da homran 35, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga. A Boston kuwa wanda ya fi kowa, Trevor Story, 25 ya buga. Sai ga mu a wasa na uku da Yankees, ranar 2 ga Oktoba, wani sabon yaro Cam Schlittler, ɗan Walpole a nan Massachusetts, ya yi zagaye takwas yana jifa, ya kori mutum 12, ko maki ɗaya ba mu samu ba. An tashi 4 da nema. A daren nan duk wanda ya ce bai tuna da Devers ba, bai faɗi gaskiya ba.

To ga hunturun 2025 ya zo, ga maganar Duran. Bari in yi adalci: matsalar gaske ce. Gurbi uku ne a bayan fili, mutanen da suka cancanta huɗu ne. Roman Anthony ba ya taɓuwa, an ba shi shekara takwas a kan dala miliyan 130 a Agustan 2025, kuma ya isa. Ceddanne Rafaela a tsakiya, tsaronsa sai a jinjina masa, shi ma yana da dogon kwantiragi. Gurbin mai bugu kawai kuma Masataka Yoshida ya tokare shi da albashinsa. Saura Duran da Abreu. In dole sai ɗaya ya tafi, ni na fi son a riƙe Abreu. Ya fi ƙuruciya, ya ci kyautar Gold Glove ta tsaro shekara biyu a jere, kuma ɓangaren dama na filin Fenway yana da faɗi da kwana mai wuyar sha'ani, ba kowa ke iya masa ba. Duran ya kai shekara 29 a 2025, ƙarfinsa a gudu yake, gudu kuma shi ne farkon abin da shekaru ke ƙwacewa. Ina faɗin haka ne zuciyata na ciwo, domin a 2024 shi ya riƙe mu: ya fi kowa a rukuninmu bugun tasha biyu da na tasha uku, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan taurari. In ya buga ƙwallo ta doshi doguwar koriyar katangar nan, ka ga hularsa ta tashi yana keta tasha ta farko, filin gaba ɗaya miƙewa yake yi.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassautawa. In za a ba da Duran, a karɓo mai jifa na gaske wanda zai tsaya bayan babban mai jifanmu Garrett Crochet tun ranar farko ta kaka. Irin su Joe Ryan na Minnesota, wanda aka yi ta raɗe-raɗinsa tun Yulin 2025, kuma a ƙarshen 2025 da sauran shekara biyu kafin ya sami 'yancin tafiya. Mun ga abin da ya faru a New York: Crochet ya ci mana wasan farko, a na biyu aka cire Brayan Bello tun zagaye na uku, a na uku kuma yaron da ya fara buga babban rukuni a watan Satumba, Connelly Early, aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. In Minnesota ta ce sai an ƙara mata yara, a ƙara. Amma a ɗauki Duran a ba da shi a kan 'yan shekara 19 su uku da ba mu san ranar fitowarsu ba, wannan sayar da saniyar tatsa ce a sayo maruƙan da ba a haifa ba, kuma ba za mu yafe ba.

Abin haushin shi ne sun san yadda ake yi. A Disamban 2024 Craig Breslow, mai kula da cinikin 'yan wasa na Boston, ya ba Chicago White Sox yara huɗu, ciki har da Kyle Teel da Braden Montgomery, ya karɓo Crochet, sannan aka ɗaure shi da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 170. Ya ci wasa 18, ya kori mutum 255, fiye da kowa a duk besbol ɗin 2025. Ga musaya ta masu son cin kofi. Me zai hana a maimaita?

Maganar mai bugu kuwa, kada wani ya zo mana da zancen musaya. Da kuɗi za a saye shi. Bregman ya fita daga kwantiraginsa, kamar yadda sharaɗin ya ba shi dama. Ko a dawo da shi, ko a kawo wanda ya kai shi, sannan a ƙaro wani mai ƙarfin bugu a tsakiyar jeri. Kuɗin Devers suna nan, ba su bi iska ba. Kuma kada a ce mana babu hali. John Henry da kamfaninsa Fenway Sports Group sun riƙe Red Sox tun 2002, su ne kuma masu Liverpool tun 2010. Duk mai kallon Firimiya daga Kano zuwa Maraɗi ya ga abin da Liverpool ta kashe a bazarar 2025 a kan Florian Wirtz da Alexander Isak, wanda shi kaɗai fam miliyan 125 ne. Na san asusun kowace ƙungiya daban yake, amma masu gida ɗaya ne, kuma in sun ga dama hannunsu na buɗewa. Su ne suka kawo mana kofi huɗu, a 2004, 2007, 2013 da 2018, bayan shekara 86 na fari, ba mu manta ba. Wannan ne ma ya sa abin ya fi ciwo. Tikitin Fenway na cikin mafiya tsada a duk ƙasar. Mai iyali in ya kai yaransa biyu, ya biya kuɗin ajiye mota, ya saya musu ɗan abin taɓawa, ya san aljihunsa ya ji jiki. Ana karɓar kuɗi irin na manyan ƙungiyoyi, sai a zo wajen biyan gwanaye a riƙa ƙirga kwabo saboda tsoron harajin da iyakarsa ta kai dala miliyan 244 a 2026. Dodgers da Yankees da Mets suna haura iyakar nan suna biya, ba su mutu ba.

Kaina ya yi zafi da kalmar nan ta sassaucin kashe kuɗi da ake maimaita mana duk lokacin da aka rabu da wani gwani. An daɗe ana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. An shirya shugabannin ƙungiyoyi su haɗu a taron hunturu a Orlando cikin Disamban 2025. Breslow ya je can da Duran da yara a hannu ɗaya, da kuɗin Devers a ɗaya hannun, ya dawo mana da mai jifa na biyu da mai bugu na gaske. In ya dawo da wasu yaran da alƙawarin 2028, to a rage kuɗin tikiti ya dace da ƙungiyar da ake sayar mana.