Kula da mai larurar ƙwaƙwalwa: a Ingila sai da takarda, a Kano sai haƙuri

A Ingila, inda nake aikin kula da manya da aka haifa da larurar ƙwaƙwalwa, ba a sakar maka mutum kai kaɗai sai an tona tarihinka. Hukumar DBS ce ke duba ko an taɓa kama ka da laifi, ko sunanka na cikin waɗanda aka haramta wa kusantar yara da masu rauni. Daga nan sai horon farko, Care Certificate, wanda aka soma a 2015, ana so sabon ma'aikaci ya gama shi cikin mako 12. Ana koyar da yadda ake ɗaga mutum ba a karya shi ba, ciyarwa, tsafta, riƙe sirri, taimakon gaggawa, da gane alamar wanda ake cuta amma ba shi da bakin faɗa.

To, a Kano wa ke wannan aiki? Uwa. In ta gaji, kaka. In kaka ta tsufa, yayarsa 'yar shekara goma wadda makaranta ta zame mata sai ran da aka samu sarari, ko 'yar aikatau da aka ɗauko daga ƙauye aka ce mata "ga shi nan, ki kula da shi". Babu wanda ya koya musu komai, kuma ba sa tashi daga aiki ƙarfe takwas kamar yadda nake tashi.

Kada a ce na zo yabon Turawa. Dokokin nan ba tausayi ne ya haife su ba, abin kunya ne. A 2011 shirin Panorama na BBC ya shiga asibitin Winterbourne View kusa da Biristol da ɓoyayyiyar kyamara, aka ga ma'aikata na marin masu larurar, suna danne su a ƙasa, suna watsa musu ruwan sanyi. An sami mutum 11 da laifi, shida suka tafi kurkuku. A 2016 wani saurayi ɗan shekara 18 mai galahanga da farfaɗiya, Oliver McGowan, ya rasu bayan an ba shi maganin taɓin hankali wanda shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Mahaifiyarsa Paula ba ta yi shiru ba, har dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa duk cibiyar da ke ƙarƙashin hukumar sa ido ta CQC ta horar da ma'aikatanta a kan larurar ƙwaƙwalwa da galahanga. Abin da ya fi burge ni a horon da aka sa wa sunan yaron shi ne, masu larurar da kansu suna cikin masu koyarwa.

Kuma takardar ba ta sa imani a zuciya. Akwai masu danna darasin a kwamfuta suna kallon ƙwallo a waya, su fito da shaida fes. A 2019, bayan duk wannan tsari, Panorama ta sake bankaɗo irin wancan zalunci a asibitin Whorlton Hall. Shi ya sa idan na ji ana cewa mu ma a kafa doka, ba mai taɓa yaro sai da satifiket, sai in tambaya: uwar za a hana, ko kakar? Wata sabuwar kafar karɓar kuɗin fom kawai za a buɗe.

Abin da muka rasa a gida shi ne ilimin da ke bayan takardar. Ɗauki ciyarwa. Yaron da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ko sanƙarau ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wuyansa bai tsaya ba, haɗiya na ba shi wuya. Amma sai ka ga an kwantar da shi a cinya, an toshe hanci, ana yi masa ɗurar koko mai ruwa-ruwa. Yana tari, ana cewa ƙiwuya ce. Alhali kokon huhu yake sauka, bayan kwana biyu ga zazzaɓi ga numfashi sama-sama. Gyaran kuwa bai wuce a zaunar da shi tsaye ba, a tallafe kai, haɓa ta ɗan sunkuya, a yi kunun da kauri, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a jira ya haɗiye, kada a kwantar da shi nan take. Wadda ke yin ɗurar ba muguwa ba ce, ita ce ma take kwana a zaune in ba shi da lafiya.

Haka farfaɗiya. Da ta tashi sai a nemo cokali a cusa a baki, wasu su ɗura manja, wasu su watse wai miyau na yaɗa ciwon. Ba ya yaɗawa. Abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, sai asibiti. Wannan darasin rabin awa ne. Nawa ne daga cikin masu rainon waɗanda ake kira 'yan ruwa suka taɓa jin sa?

Inda doka ya kamata ta yi cizo shi ne wajen masu karɓar kuɗi. Duk wanda ya buɗe makaranta ko gidan ajiye irin waɗannan bayin Allah, a yi masa rajista, a san su wa ya ɗauka aiki, a riƙa kai masa ziyarar dubawa ba sanarwa. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019, mutane ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gine-gine da guraben aiki, amma ba ita za ta koya wa mai raino riƙon cokali ba.

Masu koyarwar muna da su. Ga likitocin yara da masu gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Dala, ga sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, ga malaman makarantar Tudun Maliki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shiri na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma: zama tara a rukuni, ziyara uku har gida, kuma ba sai likita ne zai koyar ba. A horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na Dorayi da Kurna da Rimin Kebe, su kuma su koyar da iyaye ranar awo ko rigakafi. A yi shi da Hausa, kyauta, a kuma yarda uwa ta zo da ɗanta, don yawancinsu ba su da wanda za su bar wa shi.