Ranar da caji ya kai ni caji ofis

Sana'ata cajin waya ce a bakin tasha. Allon katako mai soket 40, ƙaramin janareta irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, sai kati mai lamba da nake yagawa biyu, rabi in manna a bayan waya, rabi mai ita ya riƙe. Waya naira 100, fawa banki 200. A wannan fage ba mai koya mini komai. Caja ta gari mai bolt 5 da amfiya 2 tana cika babban batir cikin kamar awa uku, ta bogi mai amfiya 1 kuwa har mota ta yi lodi ta tashi waya ba ta kai rabi ba.

Da na ga fasinjojin Kudu suna wuce ni, sai na ce bari in yi allo da Turanci. Lissafina a fili yake. A tasha in an ce kujera free ce, babu kowa a kanta. Ke nan waya free of charge ita ce wadda babu caji a cikinta. Na biya mai fenti ya rubuta "FREE OF CHARGE? COME HERE". Da allon ya yi masa kaɗan, sai ya yar da alamar tambayar.

Kafin azahar soket ya ƙare, mutane na layi, wata Hajiya har da tocila biyu da rediyo, tana ta sa mini albarka. Rigima ta tashi ne da na miƙa wa wani ɗan bautar ƙasa wayarsa na ce ɗari. Ya nuna allo, na nuna allo, kowa na ganin shi ke da gaskiya. Ashe a nan charge kuɗin aiki take nufi, ni da kuɗina na sa aka rubuta cewa kyauta nake yi. Na ce wallahi ba waya mai fita sai da kuɗi, ai fetur ba ruwan rijiya ba ne.

Hayaniya ta jawo ɗan sanda. Ya dubi rumfar ya ce, "Who is in charge here?" Na ce, "Yallaɓai, duka 40 ɗin, sai dai ta lamba 12 bakinta ya lalace." Shi mai wurin yake tambaya, ya ɗauka raini ne. Ya ce in wuce mu je caji ofis.

Wanda bai taɓa shiga ba ya sani, babu soket ko ɗaya a wurin. Kanta ce da babban littafi da sajan, a karɓi bel da waya da abin da ke aljihu a rubuta. Cajin nan tuhuma ce. Sajan ya ce in ban saki wayoyin mutane ba, za su yi charge ɗina zuwa kotu. Sai ga wani lauya ya ɓullo, irin waɗanda ake wa laƙabi da charge and bail, jaka a hammata. Ya kwantar mini da hankali cewa sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ban ga kwanciyar hankali a ciki ba, kotun tana bayan tasharmu.

Mutumin dai ya san aikinsa. Ya ce kalmar daga Faransanci ta shiga Turanci, asalinta kuma Latin ce, daga sunan keken ɗaukar kaya, don haka duk inda ka gan ta wani abu ake ɗorawa. Batir a ɗora masa wuta, shugaba a ɗora masa alhaki, wanda ake zargi a ɗora masa tuhuma. Na ce, "Barista, Allah ya ƙara ilimi." Ya ce, "Amin, Malam. Ni kuma dubu 10 nake charge." Na roƙi sajan ya miƙo mini wayata na tura masa, banki ya cire nasa naira 25 da haraji, ya turo saƙo yana shaida mini, ya kuma caje ni kuɗin saƙon.

Da la'asar DPO ya ji bahasi, ya yi dariya har da goge hawaye, ya yanke cewa wayoyin yau kyauta ne, allon kuma in sauke shi. Sannan ya juya ga sajan ya ce, "Discharge him." Gabana ya faɗi. A sana'armu batir in ya yi discharge gaba ɗaya aka bar shi a haka, sau da yawa ba ya ƙara tashi. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyali." Sai da sajan ya ja ni waje ya miƙo mini bel ɗina, ya ce sallama ake nufi, in tafi kafin oga ya canza magana.