Wai taliya ce ta lalata mana zaɓe?

Don Allah 'yan bokon Samaru ta Zariya da kuka cika mana Facebook da zagin talaka saboda bidiyon matan nan da ke layin karɓar taliya da atamfa daga 'yan siyasa, ku sarara mana haka nan. Wai jahilci ne ya kashe Arewa, wai talaka ba ya duba manufa. Sannunku da ilimi. To ku masu digiri uku-uku, wace manufar kuka duba?

A 2023, Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa da bakinsu tun lokacin kamfe cewa za su cire tallafin man fetur. Amma da Tinubu ya sanar da cirewar ranar 29 ga Mayu, har da ku a masu salati, kamar daga sama abin ya faɗo. Da manufa kuka bi, ai da tun kafin zaɓe kun san inda aka dosa. Abin da aka yi ta kai ruwa rana a kai a majalisun shayi daga Tudun Wada har Kwangila shi ne tikitin Musulmi da Musulmi, da "namu ne", da wa malam ya ce a zaɓa. Wannan ne manufa?

A 2015 fa? Buhari ya ce sak, wato a zaɓi jam'iyyarsa a kowane muƙami, aka dangwala sak daga sama har ƙasa. Mutane da dama sun shige majalisa a cikin wannan guguwar, waɗanda suka zaɓe su ko sunansu ba su riƙe ba. Dakta ya yi sak, mai faci ya yi sak.

Na san wani zai taso ya ce shi kam ya karanta kundin manufofin jam'iyya. Madalla, Allah ya ƙara basira. Ka riga ka zaɓi gwaninka a zuci, sannan ka je neman hujjar da za ka kare shi da turanci. Wani kuma zai kawo zancen NEPU da PRP, tsoffin jam'iyyun talakawa na Malam Aminu Kano, wai a da manufa ake bi. To Balarabe Musa na PRP da aka zaɓa gwamnan Kaduna a 1979, jihar nan ɗaya ce ta cika masa majalisa da 'yan jam'iyyar NPN, suka hana shi naɗa kwamishinoni, suka tsige shi a 1981.

Wallahi ba na jin daɗin ganin iyayenmu mata a wannan layin, raina ɓaci yake yi. Amma tsohuwar da ke Kwarbai ta ga gwamnatoci sun zo sun tafi, ta san alkawari ba ya hawa tukunya, ta karɓi abin da hannunta ya kama. A cikinmu duka ita ce ma ta yi lissafi. Kai da ka zaɓa don a ce kana ɓangaren masu gaskiya, ko don kada abokanka su yi maka dariya, me ka fi ta? Ko taliyar ba ka samu ba.

Af, tunda ana maganar alkawari, akwai wanda famfonsa ke kawo ruwa a cikin birni kuwa? Shekara nawa muna jin labarin aikin ruwan Zariya, amma mu a layinmu har yau 'yan ga-ruwa ne gwamnati, kuma sun sake ƙara wa jarka kuɗi.