Nasiha ga masu bincike a jami'o'in Amurka: kada haƙƙin ƙirƙira ya salwanta a hannunku

Assalamu alaikum ƙannenmu maza da mata da ke digiri na uku ko aikin bincike a jami'o'in Amurka, da ku masu shirin tafiya. Akwai nauyin da ke hawa kanku tun ranar da kuka fara shiga ɗakin gwaje-gwaje, kuma da wuya wani ya zaunar da ku ya yi muku bayaninsa. Galibin kuɗin sinadarai da na'urori, har da alawus ɗin da ke shiga asusun da yawa daga cikinku, daga baitulmalin gwamnatin tarayya suke fitowa, ta hannun hukumar binciken lafiya ta NIH ko gidauniyar kimiyya ta NSF ko ma'aikatar makamashi ko ta tsaro. Duk abin da aka ƙirƙiro da wannan kuɗi, akwai dokar da ta faɗi mai shi, ta kuma ɗiba masa kwanaki. Sunanta Bayh-Dole.

Sanata Birch Bayh na Indiyana da Sanata Bob Dole na Kansas ne suka kawo ta, Shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu ranar 12 ga Disamba, 1980. Kafin nan gwamnati na riƙe da takardun mallakar ƙirƙira (patent) kimanin 28,000, amma waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Gwamnati ba ta cika ba kamfani ɗaya lasisi shi kaɗai ba, kuma babu mai zuba dukiyarsa shekara goma yana gwajin magani alhali ya san ranar da ya dace kowa zai kwafa. Sai dokar ta ce jami'a ta riƙe mallakar, ta nemi wanda zai kai abin kasuwa, amma bisa sharuɗɗa.

Sharuɗɗan nan su ne abin da ya kamata ku haddace. Da zarar kun ga kun samo sabon abu mai amfani, za ku cike fom ɗin bayyana ƙirƙira ku kai ofishin miƙa fasaha na jami'a. Daga ranar, jami'a na da wata 2 ta sanar da hukumar da ta ba da kuɗin, ta manhajar iEdison. Bayan sanarwar tana da shekara 2 ta ce tana son mallakar ko ba ta so. In ta ce tana so, cikin shekara 1 dole ta shigar da buƙatar rajistar takardar mallaka. A jikin takardar mallakar sai an rubuta cewa da tallafin gwamnati aka yi aikin, tare da lambar tallafin. Saboda haka ku rubuta lambar daidai a fom, in tallafi biyu ne ku sa duka biyun. Gwamnati kuma na da lasisin amfani da abin don buƙatunta ba tare da biyan ko sisi ba. Dole jami'a ta ba masu ƙirƙirar kasonsu, ragowar ta kashe a bincike ko ilimi, ta fifita ƙananan kamfanoni wajen ba da lasisi, kuma wanda ya karɓi lasisi shi kaɗai don sayarwa a Amurka, a Amurka zai ƙera akasarin kayan sai in an yi masa rangwame.

Kada ku ɗauka kwanakin nan ado ne. Kamfanin Campbell Plastics ya ƙirƙiro hanyar haɗa sassan abin rufe fuska na sojoji, ya riƙa ambaton aikin a rahotanni da zane-zane, amma bai bayyana shi a fom ɗin da kwangila ta tanada ba. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa mallakar ta koma hannun gwamnati. A da, in hukuma ta gano an yi latti, kwana 60 gare ta ta nemi mallakar ko ta haƙura. Gyaran da aka yi a 2018 ya cire wannan wa'adi, don haka lattin yau zai iya tasowa bayan shekaru, lokacin da lauyoyin mai zuba jari ke tona takardu.

Inda matasa suka fi yin ɓarna shi ne baki da gaggawar wallafa. Ana ba da takardar mallaka ne kan abin da duniya ba ta riga ta sani ba. Amurka na yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara 1 bayan ya bayyana abinsa, amma Turai ba ta yin wannan uzuri: ranar da ka bayyana, ranar ka rasa. Kuma bayyanawa ba sai a babbar mujalla ba. Taƙaitaccen bayanin da taron masana ya ɗora a intanet makonni kafin taron bayyanawa ne. Rubutun da aka sa a shafukan ɗora muƙala kafin wallafa kamar bioRxiv ko arXiv, lambobin manhaja a shafin GitHub, hoton allon sakamako da aka ɗora a Facebook don 'yan gida su sa albarka, duk bayyanawa ne. A shari'ar Klopfenstein ta 2004, fosta ce aka kafe kwana biyu da rabi a taron ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, ba a raba kwafi ko ɗaya ba, kotu ta ce wallafa ce. A shari'ar Hall ta 1986, kundin digiri guda ɗaya da aka ajiye aka sa a jerin littattafan laburaren jami'ar Freiburg a Jamus ya isa ya rushe buƙatar wani. Ko manya ba su tsira ba: Stanley Cohen da Herbert Boyer sun wallafa aikinsu na dasa ƙwayoyin gado a Nuwamban 1973, Stanford ba ta shigar da buƙata ba sai Nuwamban 1974, saura ƙiris wa'adi ya cika. Ta samu Amurka, inda lasisin ya kawo dala miliyan 250 da ɗoriya daga kamfanoni fiye da 400, amma ƙasashen waje sun riga sun kuɓuce.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ofishin miƙa fasaha zai iya shigar da buƙatar wucin gadi wadda ke riƙe muku ranar fifiko, wato ranar da za a ɗauka kun fara neman mallakar, tsawon wata 12, daga nan ku je ku yi jawabinku. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kai musu rubutun wata guda ko biyu kafin taro. Buƙatar da aka harhaɗa cikin dare daga allunan jawabi ba ta kare komai sai abin da aka rubuta a ciki dalla-dalla; in ba ku sa yawan sinadari da zafin da aka yi aikin da sauran hanyoyin da za a iya bi ba, ranar fifikon ba ta shafe su ba. Kundin digiri kuma ana iya neman laburare ta jinkirta sakinsa. Ku nema kafin ku miƙa.

Sai sa hannu. Dokta Mark Holodniy na Stanford ya sa hannu a takardar jami'a mai cewa ya yarda zai miƙa mata haƙƙinsa. Da ya je kamfanin Cetus koyon fasahar PCR, mai ninka ƙwayoyin gado, don auna ƙwayar cutar ƙanjamau a jini, sai ya sa hannu a takardar baƙi mai cewa ya miƙa haƙƙinsa nan take. Ɗaya alkawari ne, ɗaya kuwa an riga an bayar. Kamfanin Roche ya sayi sashen PCR na Cetus, rigimar mallaka tsakaninsa da Stanford ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 2011 alƙalai 7 cikin 9 suka ce Bayh-Dole ba ta ɗauke haƙƙi daga mai ƙirƙira ta ba jami'a kai tsaye ba, sai da rubutacciyar miƙawa. Stanford ta sha kaye. Don haka duk takardar da aka miƙo muku a ƙofar kamfani, ta horon bazara ce ko ta sirri ko ta karɓar samfur, ku kai wa ofishin jami'a ya duba tukuna. Jin nauyin mai masauki ba hujja ba ce a kotu.

Wani wurin da kunyarmu ke cutarwa shi ne jerin sunaye. A muƙala ana sa shugaban sashe don girmamawa. A takardar mallaka mai ƙirƙira shi ne wanda tunanin ya fito daga kansa, ko da a ɓangare ɗaya ne na abin da ake neman karewa. Wanda ya bi umarni ya yi gwaji ɗari bai shiga ba, ɗalibar da ta kawo dabarar da ta warware matsalar ta shiga. Kuskure a nan na iya rushe takardar, kuma a dokar Amurka kowane mai kaso na iya ba da lasisi ba tare da izinin sauran ba, don haka wanda aka manta da shi zai iya sayar wa abokin hamayya lasisi. Ku riƙa rubuta wanda ya kawo wace shawara da ranar a littafin gwaji.

Game da kuɗi, kada ku sa rai da yawa. Ana yawan ambaton Google, wanda Stanford ta samu hannun jarinsa a madadin lasisi ta sayar kan dala miliyan 336 a 2005, da maganin Lyrica na jami'ar Northwestern. Waɗannan tsiraru ne. Ofisoshi da yawa ko kuɗin lauyoyinsu ba sa mayarwa. Amfanin tsarin shi ne abin ya fita daga kan shiryayye ya isa ga mutane.

A nan ne ake buƙatar muryarku. Sashe na 203 na dokar ya ba gwamnati ikon tilasta a ba wani kamfani lasisi in mai riƙe da shi ya kwanta a kai, ko lafiyar jama'a ta buƙata ba a biya ba, ko an saɓa sharaɗin ƙerawa a Amurka. An sha neman NIH ta yi amfani da wannan iko. Tun ƙorafin kamfanin CellPro na 1997, zuwa na maganin ƙanjamau Norvir a 2004, zuwa na Xtandi, maganin sankarar prostate ta maza da aka gano a jami'ar UCLA, wanda NIH ta ƙi a 2016 da 2023, hukumar ba ta amince da ko ɗaya ba. A Disambar 2023 hukumar ma'aunai da fasaha ta NIST ta fitar da daftarin da zai sa a riƙa duba farashi wajen amfani da wannan iko. Tsadar magani gaskiya ce, babu mai musu, amma wannan makami ba zai kai inda ake so ba. Akasarin magunguna na da takardun mallaka da yawa waɗanda kamfani ya samu da kuɗinsa, gwamnati ba ta da iko a kansu. Wanda zai ji jiki shi ne ƙaramin kamfanin da ba shi da kadara sai lasisin jami'a. An ma taɓa gwadawa: NIH ta sa sharaɗin farashi mai sauƙi a yarjejeniyoyinta a 1989, ta cire a 1995 domin kamfanoni sun ja baya. A Agustan 2025 kuma sakataren kasuwanci Howard Lutnick ya rubuta wa Harvard yana zarginta da saɓa sharuɗɗan dokar, yana barazanar amfani da wannan iko. Ku lura da ƙofar da aka bi: sanarwa kan lokaci da cika sharuɗɗa. Fom ɗin da ɗalibi ya yi wa riƙon sakainar kashi shi ne hujjar da za a ɗauko.

Mai son talaka ya samu magani, wurin fafutukarsa shi ne teburin rubuta lasisi. Yale ce ke da mallakar d4T, maganin ƙanjamau da ta ba Bristol-Myers Squibb. A 2001 ɗalibai da ƙungiyar likitoci ta MSF suka matsa, aka karya farashinsa a Afirka, aka kuma daina hana kwafinsa a Afirka ta Kudu. Da jami'ar ba ta da mallakar, da babu wanda ɗaliban za su riƙe.

Masu niyyar komawa gida su dubi Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. An ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, masu sikila suka rasa maganin a kasuwa. Duk lasisin da za a ba kamfani ɗaya, a rubuta masa matakan da zai cika da ranakunsu, da mafi ƙarancin abin da zai biya duk shekara, da ƙasashen da lasisin ya shafa, da sharaɗin cewa in ya gaza ko ya karye, haƙƙi da bayanan sarrafawa su dawo hannun cibiya. Ku kuma sani cewa rajistar Nijeriya, bisa dokar 1970, ba ta bincika ko abu sabo ne kafin ta ba da takarda, kuma takardar ba ta aiki a ƙetaren iyaka. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin ƙungiyar rajistar haɗin gwiwa ta OAPI mai hedkwata a Yawunde, Ghana na takwararta ARIPO, Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya. Mai son kariya a waje yana da wata 12 daga ranar buƙatarsa ta farko ya shigar ta tsarin buƙatar ƙasa da ƙasa na PCT, wanda zai ba shi zuwa wata 30 ya zaɓi ƙasashen da zai biya kuɗin rajista a cikinsu.