Tauna Ba Aikin Haƙora Kaɗai Ba Ce

Mutane da yawa a Kano suna ɗauka cewa in haƙora na da ƙarfi, tauna ta kammala. Ba haka ba ne. Babban mutum yana da haƙora 32: na gaba su gatsa, fiƙoƙi su yaga kilishi, turame su niƙa. Amma turame ba sa ɗebo abinci da kansu. Harshe ne ke turo shi kansu, kumatu su tare shi, har ya dunƙule ya zama loma.

Yawu kuwa shi aka fi rainawa. Baki yana fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kullum, kuma a cikinsa akwai sinadarin amilas mai fara narkar da sitaci. Daɗe kana tauna gurasa ba tare da miya ba, za ka ji ta fara zaƙi. Shi ya sa haɗiye tuwo ba tauna yake tsallake wannan matakin.

Idan yawu ya ragu, saboda ciwon suga ko wasu magunguna, haɗiya tana wuya, haƙora kuma su fara ruɓewa, domin yawun ne ke kashe tsamin da ke cinye su. Mai yawan bushewar baki ya ga likita.