Me ya haɗa coci da maganar haraji?

Jiya wani abokina ya yi mini wannan tambaya, wai fastoci su tsaya ga wa'azinsu, su bar lissafin kamfanoni ga masu shi. Ban yarda da shi ba.

Wanda ke raba buhun masara ga mayunwata shekara da shekaru, dole wata rana ya tambayi ta ina rumbun yake zuba. Abin da ƙungiyar Christian Aid ta Birtaniya ta yi ke nan a 2008, inda ta ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na asarar dala biliyan 160 duk shekara saboda dabarun kamfanoni na kauce wa haraji. Ya fi duk tallafin da ake ba su a lokacin.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kamfani ya haƙo tagulla a Zambiya, ya sayar wa uwar kamfaninsa a Turai da arha, sai takarda ta nuna babu riba a gida. Babu riba, babu haraji. A can ne ribar take tashi daga barci. Wannan ba tatsuniya ba ce: a 2020 Kotun Ƙolin Zambiya ta umarci kamfanin haƙar tagulla na Mopani ya biya harajin kwacha miliyan 240 kan yadda ya riƙa sayar wa Glencore na Suwizalan, uwar kamfaninsa a lokacin, tagulla. Ku lissafa asibitin karkara nawa kuɗin nan zai zuba wa magani.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunan da majami'u suka zaɓa a 2019, da Majalisar Majami'u ta Duniya da takwarorinta suka ƙaddamar da gangamin haraji: Zakka, gajeren mai karɓar harajin nan na Yariko da ya hau itace don ya ga Yesu. Da ya tuba, bai tsaya ga neman gafara da baki ba, cewa ya yi duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. (Bahaushe kuwa da ya ji sunan, wata zakkar ce za ta faɗo masa, ita ma haƙƙin talaka ce a dukiyar mai hali.)

Na san za a ce ko an biya, shugabanninmu za su cinye. Gaskiya ne, amma ɓarawon gida ba ya wanke na waje. Kuma Najeriya ce ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023 kan yarjejeniyar haraji, ƙasashe 125 suka goyi baya, Amurka da Birtaniya suka ƙi.

Ita kuwa mai tallar tumatir, kafin ta yi cinikin farko mai rasit ya riga ya tsaya a kanta, kuma ba ta da reshe a Suwizalan.