Kaguwar da masunta suka laƙaba wa Da'ish

Tun da na karanta labarin masuntan Gabes a Tunisiya abin ya tsaya mini a rai. Wajen 2014 wata shuɗiyar kaguwa, wadda ta biyo mashigin Suwez daga ɓangaren tekun Indiya, ta mamaye musu ruwa. Ta yayyaga taru, ta cinye kifin da ya faɗa ciki, har takaici ya sa suka laƙaba mata Da'ish, wato sunan ƙungiyar 'yan ta'addan nan ta IS. Yau ita ɗin ce suke kamawa da keji, a daskarar da ita a kai kasuwannin Asiya.

Italiya ma ta ɗanɗana a 2023, lokacin da wata kaguwar mai asali daga Amurka ta auka wa bakin kogin Po. Gwamnati ta ware Yuro miliyan 2.9 don a kama a zubar.

Zubarwar nan ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Naman kaguwa bai taka kara ya karya ba, yawancin nauyinta ɓawo ne. To amma a ɓawon nan arzikin yake. Idan aka wanke aka niƙa, sai a sa asid ya narkar da allin da ke ciki, a sa soda irin ta haɗa sabulu ta cire furotin, abin da ya rage shi ne kaitin. Daga gare shi ake samun kaitosan, wanda ake shafa wa 'ya'yan itatuwa da kifi ya zame musu siririyar riga mai hana saurin ruɓewa, ana kuma tace ruwan 'ya'yan itatuwa da shi. Jan launin da ke bayyana idan an dafa kaguwa, astazantin, shi ake sa wa abincin kifin salmon don namansa ya yi ja. Ƙananan da ba mai saye kuwa, a dafa su a yi romo ko garin ɗanɗano.

Ina da fargaba, kuma ba zan ɓoye ba. Kaguwa na tara ƙarafa masu guba irin kadmiyam idan ruwan gurɓatacce ne, don haka gwaji wajibi ne kafin ta shiga abinci. Sannan ranar da ta zama kuɗi, wani zai fara mayar da masu ƙwai cikin ruwa don kada haja ta yanke. Dole doka ta hana wannan. Kuma masuncin da aka yaga wa taru shi ya kamata a fara biya, farashi mai kyau, tun a bakin ruwa.